Tseren farko a kan titi: ba a fafe gora ranar tafiya

Ba kasafai rashin ƙarfi ke kayar da sabon mai gudu a tserensa na farko ba. Galibi ɗayan abu biyu ne. Ko dai ya zo da wani sabon abu da jikinsa bai saba da shi ba, takalmi ne ko riga ko abinci, ko kuma ya zuba a guje tun daga kilomitar farko kamar wanda aka biyo, kafin a kai rabin hanya ya koma jan ƙafa yana dafe da kwiɓi. Duka biyun suna da magani, amma maganin tun makonni kafin ranar ake fara shan sa.

Wace tazara?

Tseren kan titi da aka fi shiryawa huɗu ne: kilomita 5, kilomita 10, rabin gudun yada ƙanin wani mai kilomita 21.1, da cikakkensa mai kilomita 42.195. Wanda bai taɓa tsayawa a layin farawa ba, kilomita 5 ce tasa. Idan ka riga ka kai matakin yin sassarfar minti 30 ba tsayawa, sau uku a mako, to kilomita 10 ba ta fi ƙarfinka ba, muddin kana da kamar mako takwas a gaba. Abin da ya haura haka a bar shi tukuna. Ba wai ba za a iya ba ne, mutane da yawa sun yi, amma sai ka tambaye su yadda gwiwoyinsu suka kwana.

Kafin ka yi rajista, karanta bayanin da masu shiryawa suka fitar, ka nemi abubuwa uku. Na farko lokacin rufe hanya, domin titi na motoci ne aka ara, kuma akwai sa'ar da za a mayar musu da abinsu. Wanda bai iso ba sai a ce ya hau gefen hanya ko ya shiga motar kwasar 'yan baya. Na biyu taswirar hanyar, da inda tudu yake da inda teburan ruwa suke. Na uku sa'ar farawa, saboda da ita za ka daidaita atisayenka. Mai gudun yamma da zai shiga tseren ƙarfe bakwai na safe yana bukatar ya koya wa cikinsa da ƙafafunsa aikin safe.

Wanda ke da ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga ko asma, ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin aikin ƙarfi, ya fara ganin likita kafin ya sayi takalmi. Haka mai juna biyu da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba.

Makonnin shiri

Akwai wani tsari da ya yi suna a duniya, wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta rungume shi. Mako tara ne, fita uku a kowane mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko za ka fara da tafiyar sauri ta minti 5, sannan ka riƙa yin sassarfar daƙiƙa 60 da tafiyar daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20 su cika. Kowane mako gudun na ƙaruwa, tafiyar na raguwa, har a mako na tara mutum ya iya sassarfar minti 30 a jere. Idan wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Babu mai riƙe da bulala.

Me ya sa ake jan abin haka, alhali bayan mako uku za ka ji kamar ka iya ninkin abin da aka ce? Saboda sassan jiki ba tare suke ƙarfi ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni haki ya ragu. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka. A wannan tsakanin ne ake jin rauni: numfashi na cewa a ƙara, ƙwauri da agara ba su shirya ba. Daga nan ciwon ƙwauri ke fitowa, da ciwon gaban gwiwa, da zafin tafin ƙafa da ke damun mutum a takun farko da safe. Shi ya sa masu horarwa ke cewa kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na abin da ka yi a makon da ya gabata. Ba lissafi ne da aka sassaƙa a dutse ba, amma yana taka wa mai zumuɗi birki.

Saurin atisaye kuma yana da ma'auni mai sauƙi da ba ya bukatar na'ura: idan ba za ka iya faɗin jimla guda cikakkiya kana gudu ba, ka yi sauri da yawa. Yawancin sababbi suna gudun da ya fi ƙarfinsu a kowace fita, su dawo a galabaice, su ɗauka haka gudu yake. Ba haka yake ba. Mafi yawan fitarka ya kamata ta kasance mai sauƙin da har za ka ɗan ji kunya idan wani ya gan ka.

Ka bambance ciwo iri biyu. Tsamin jiki da ke kama cinyoyi duka biyu, ya kuma saki idan jini ya motsa, wannan ba komai. Amma ciwon da ke wuri guda, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa a kan ƙashi, yana ƙaruwa kana gudu, ko yana sa ka ɗingishi, wannan tsayawa ake yi. Tsagewar ƙashi ta gajiya haka take farawa, kuma wanda ya yi mata taurin kai makonni zai yi a zaune.

Tun da tseren a kan kwalta za a yi, aƙalla fita ɗaya a mako ta kasance a kan kwalta. Wanda ya yi duk shirinsa a kan injin gudu ko a kan ciyawa zai sha mamakin yadda titi ke dukan ƙafa. Idan kuma ranar tseren za a yi zafi fiye da abin da ka saba, jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 yana motsi a cikin irin wannan yanayi kafin ya saba, wato ya fara zufa da wuri, bugun zuciya ya ragu.

Kamar mako biyu kafin ranar, yi gwaji cikakke. Tashi a sa'ar da za ka tashi, ci abin da za ka ci, sa kayan da za ka sa tun daga safa har hula, fita a sa'ar da za a fara tseren, ka yi kamar kashi uku cikin huɗu na tazarar. Duk abin da zai ba ka matsala ranar tsere a nan zai nuna kansa, lokacin da akwai damar gyara. Ka kuma duba agogo ka san minti nawa kake cin kilomita ɗaya ba tare da wahala ba. Wannan lambar ita ce jarinka.

Takalmi da sauran kaya

Takalmin da ya dace shi ne wanda ka sa ka manta da shi. Tsada ba ta cikin sharaɗi. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da irin safar da za a yi gudu da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin, domin ƙafa na ƙara kumbura a guje, kuma a gangara tana zamewa gaba. Takalmin da ya matse shi ne ke sa farce ya yi baƙi ya fita bayan makonni. Dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa. Sabon takalmi ya sha aƙalla fita huɗu ko biyar kafin ya ga ranar tsere. Tsohon da ya ci kilomita 500 zuwa 800 kuwa, katifar da ke cikinsa ta riga ta mutu ko da samansa na ƙyalli.

Auduga ba abokiyar mai gudu ba ce. Tana shan zufa ta riƙe, ta yi nauyi, ta riƙa gugar fata. Safar auduga da ta jiƙe ita ce uwar bororo. Nemi yadin wasanni mai saurin bushewa, riga da safa duka. Wuraren da fata ke saɓewa sanannu ne: matsematsi, hammata, ƙarƙashin rigar mama ga mata, da kan nono ga maza. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗa wa sababbi ba, sai mutum ya ga ɗigon jini biyu a gaban farar rigarsa. Ɗan man Vaseline a waɗannan wurare, ko filasta a kan nono, ya raba gardama. Mata su sami rigar mama ta wasanni da ke riƙewa sosai, su kuma gwada ta a guje, ba a gaban madubi kawai ba. A yanke farcen ƙafa kwana uku ko huɗu kafin tsere, ba a daren ba.

Sau da yawa masu shiryawa na ba da riga tare da lambar da ɗan tsere ke maƙalawa. Kyakkyawa ce, sabuwa fil, kuma kowa na son sa ta. Ajiye ta sai an gama, sai fa in an wajabta sa ta; in haka ne a wanke ta tukuna, a kuma ƙara man shafawa.

Makon ƙarshe

Duk ƙarfin da za ka samu ka riga ka samu. Atisayen da aka yi a kwanaki bakwai na ƙarshe ba ya ƙara komai ranar tsere sai gajiya. Rage abin da ka saba zuwa kamar rabi: fita biyu gajeru, ta ƙarshe kwana biyu kafin ranar, minti 15 zuwa 20 a hankali. A nan ne tsoro ke raɗa wa mutum cewa bai shirya ba, ya fita ya gwada cikakkiyar tazarar da ƙarfi don ya tabbatar. Wanda ya biye masa ya yi tserensa tun kafin ranar, shi kaɗai, ba lambar yabo.

Batun cika ciki da abinci mai sitaci a daren tsere, na masu dogon zango ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yana kai mutum kusan minti 90 na gudu, don haka mai kilomita 5 ko 10 ba ya bukatar wani lodi. Ci abincin da ka saba, daidai ciki, da wuri. Rage mai maiƙo, mai yaji, da mai kumbura ciki. Gudu na jijjiga hanji, yana kuma janye jini daga ciki zuwa ƙafafu, shi ya sa abin da bai narke ba ke neman hanyar fita a tsakiyar titi.

Da wuya ka yi barci sosai a daren tsere, kuma ba abin damuwa ba ne. Rashin barcin dare ɗaya ba ya rage ƙarfin ƙafa sosai. Barcin dararen da suka gabace shi ne ya kamata ka kula da shi. Amma zazzaɓi daban ne. Wanda ke da zazzaɓi, ko tari mai fitowa daga ƙirji, ko gudawa, ya haƙura da tseren. Gudu da zazzaɓi na iya taɓa tsokar zuciya, kuma wani tseren na nan tafe.

Idan ana ba da lamba tun kafin ranar, karɓo ta da wuri. A gaban riga ake maƙala ta, da fil huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Mai fil biyu iska za ta riƙa kaɗa masa ita. A yawancin manyan tsere akwai wani siririn abu manne a bayan lambar, shi ne ke sanar da na'ura lokacin da ka tsallaka layi. Kada ka naɗe shi, kada ka ɓanɓare shi, kada ka rufe shi da wata riga ko jaka. A bayan lambar kuma akan bar wurin rubuta suna, lambar wayar wanda za a kira, da ciwo ko maganin da kake sha. Cike shi. Minti ɗaya ne, kuma shi ne abin da ma'aikatan lafiya ke fara dubawa idan mutum ya faɗi.

Safiyar ranar

Karya kumallo sa'a biyu zuwa uku kafin farawa, abu mai sauƙin narkewa kamar burodi ko ayaba, irin wanda ka gwada a ranar gwaji. Sha ruwa kamar rabin lita a wannan lokacin, daga nan sai kurɓi-kurɓi. Fitsari mai haske-haske alama ce ruwan ya isa; ba sai ya zama fari tas ba. Mai shan kofi kullum ya sha abinsa, wanda bai saba ba kada ya fara yau. Kada kuma ka sha maganin kashe ciwo irin su ibuprofen don rigakafi. Yana takura ƙoda a lokacin da jini ya riga ya ragu gare ta, yana iya tayar da ciki, sannan yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai.

Isa wurin sa'a guda kafin lokaci. Tituna a rufe suke, kuma layin bayan gida ya fi duk yadda kake zato tsawo. Shiga shi da zarar ka isa, ko ba ka ji matsuwa ba. Ajiye jaka, sannan ka motsa jini: tafiyar sauri da 'yar sassarfa na minti 5 zuwa 10, da ɗan wurwurga ƙafafu gaba da baya. Doguwar miƙar jijiya a tsaye ba ta da amfani kafin gudu. Ɗaura igiyar takalmi ƙulli biyu.

Sai wurin tsayawa. Layin gaba na masu neman kyauta ne, waɗanda ke cin kilomita a minti uku da 'yan daƙiƙu. Sabon da ya cusa kansa a cikinsu ko dai a ture shi, ko kuma ya bi su da gudun da ba nasa ba. Koma baya, ko ka nemi rukunin da aka ware wa masu irin saurinka. Ba abin da za ka rasa, domin lokaci iri biyu ake ɗauka: wanda ke farawa daga harbin bindigar farawa, da shi ake raba kyauta, da wanda ke farawa daga lokacin da ƙafarka ta taka shimfiɗar da ke kan layi, shi ne naka na gaskiya. Kai ma a kan layin za ka danna agogonka, ba lokacin da ka ji ƙarar ba.

Kilomitar farko

A nan ake cin tsere, a nan ake zubar da shi. Ka huta mako guda, jini ya hau, kiɗa na tashi, jama'a na ihu, kowa na wuce ka ta hagu da dama. A wannan hali gudun da ya fi naka da minti guda a kilomita zai zama kamar wasa. Ba wasa ba ne, bashi ne, kuma jiki zai karɓi abinsa da riba. Abin da ke faruwa shi ne, idan ka haura saurin da iskar da kake shaƙa za ta iya ɗauka, tsoka na komawa ƙona sukari ta gajeriyar hanya, abubuwan da ke sa ta zafi da nauyi su taru da saurin da jiki ba zai iya kwashewa ba. Minti biyar zuwa goma ana haka sai ƙafa ta zama kamar an ɗaura mata dutse. Daƙiƙa 40 da ka ci a farko sai ka biya ta da minti uku ko huɗu a ƙarshe.

Don haka ka riƙe lissafinka tun daga gida. Mai cin kilomita a minti 8 zai gama kilomita 5 a minti 40. Mai minti 7 zai gama a 35, mai minti 6 a 30. Wanda ya san lokacinsa na kilomita 5 kuma yana son ƙiyasin na 10, ya ninka biyu ya ƙara kamar minti uku: mai 35 ya sa ran 73, idan ya yi shirin tazarar. Kilomitar farko ka yi ta a hankali fiye da wannan lissafi da daƙiƙa 10 zuwa 15. Za ka ji kamar ana barin ka a baya. Bar su. Da yawa daga cikinsu za ka same su a kilomita ta uku suna tafiya, hannu a ƙugu. Idan ba ka da agogo, koma wa ma'aunin magana: a kashi ɗaya cikin uku na farko ka iya yin jimla, a na tsakiya kalma uku ko huɗu, a na ƙarshe kuwa ba wanda zai tambaye ka magana.

Kada ka ɓata ƙarfi wajen saƙa tsakanin mutane a cunkoson farko. Bayan 'yan mitoci ɗari hanya za ta buɗe da kanta.

Wani abu da ke rikita masu agogon GPS, wato mai auna tazarar da aka yi: agogo zai ce kilomita ta cika, allon da ke gefen titi kuwa yana can gaba. Ba cuta aka yi maka ba. Hanyar da aka tantance, da keke ake auna ta, wanda aka ɗaura wa na'urar ƙirga juyin taya, kuma mai awon yana bin mafi gajeren layin da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana. Sannan ana ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Kai kuwa ka yi ta kauce wa mutane, ka zagaya kwana ta waje, agogon ma yana da nasa kuskuren, musamman tsakanin dogayen gine-gine. Allon titi za ka bi. In kana son rage asara, ka riƙa duban kwanar da ke gaba ka nufe ta kai tsaye.

Tudu ba a yi masa gardama. Gajarta taku, bar sauri ya ragu, numfashi ya tsaya yadda yake. A gangara kuma kada ka miƙa ƙafa can gaba kana taka birki da dunduniya, cinya ce ke biyan wannan. Taku gajeru masu sauri sun fi. Kafaɗu a sake, hannu ba a dunƙule ba.

Tafiya a tsakiyar tsere ba abin kunya ba ce, har ma akwai masu shirya ta da gangan, misali gudun minti huɗu da tafiyar minti ɗaya tun daga farko, kuma sukan riga wanda ya ƙi tsayawa har sai da ƙarfinsa ya ƙare. Sharaɗin kawai shi ne kada ka tsaya cak a tsakiyar hanya. Waiwaya, ɗaga hannu, koma gefe. Idan da abokai kuke, kada ku jeru ku tare titi. Abin sauraron kiɗa kuma, inda ma an yarda da shi, a bar kunne ɗaya a buɗe saboda motar asibiti da umarnin masu kula da hanya.

Ruwa

A kilomita 5 cikin yanayi mai sanyi, mutum na iya gamawa bai sha komai ba. A kilomita 10, ko in ana zafi, kurɓi biyu ko uku a kowane tebur ya wadatar. Inda aka jera tebura, wuce na farko inda kowa ke rububi, na gaba ya fi sarari. Idan a kofin takarda ne, matse bakinsa ya zama kamar mazurari, ka yi tafiya taku goma ka sha a nutse, ya fi ka shaƙe da shi a guje. Kula da ƙasa a wurin, santsi gare ta.

An daɗe ana tsorata masu gudu da ƙarancin ruwa, har wasu suka faɗa ɗaya ramin. Shan ruwa fiye da abin da jiki ke fitarwa yana tsinka gishirin da ke cikin jini, ya kawo ciwon kai, amai, kumburin yatsu, ruɗewa, wani lokaci har mutuwa. A gudun yada ƙanin wani na birnin Boston na Amurka a 2002 an gwada jinin 'yan tsere 488 bayan sun gama, aka sami kashi 13 cikin 100 da wannan matsala, kuma ta fi kama waɗanda suka daɗe a hanya suna sha har nauyinsu ya ƙaru. A gajeren tsere da wuya a kai can, amma ɗabi'ar tun yanzu ake koyon ta: ƙishirwa ce ma'auni. Su kuma 'yan ƙunshin zaƙin nan da ake tsotsa a hanya, sai gudun da ya haura sa'a guda suke da amfani, kuma ba ranar tsere ake fara ɗanɗana su ba.

Idan abu ya taso a hanya

Sukan kwiɓi, wannan zafin da ke soka ƙarƙashin haƙarƙari, ya fi zuwa ga wanda ya cika ciki ko ya sha abu mai zaƙi dab da farawa. Rage sauri, danna wurin da yatsu, ka riƙa fitar da numfashi dogo har huhu ya zazzage. Yakan saki cikin minti biyu ko uku. Idan tsokar sha-raɓa ta ɗaure, koma gefe, dafa wani abu, miƙe ƙafar a baya dunduniya a ƙasa har ta saki, sannan ka fara da tafiya. Tsakuwa a takalmi ko safa da ta naɗe, tsaya ka gyara nan take. Daƙiƙa 20 ce, in ka bari bororo ne.

Akwai kuma alamun da ba a ciniki da su: ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai sauka hannu ko muƙamuƙi, jiri mai sa ganin duhu, bugun zuciya da ya rikice, tsigar jiki na tashi alhali ana zafi, ko ka ga kana tangaɗi ba ka san inda kake ba. Tsaya, ka kira mai kula da hanya mafi kusa. Idan wani ne ka gani yana tangaɗi yana surutai a rana, zafi ne ya yi masa yawa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kira ma'aikatan lafiya, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi tun kafin su iso. Sanyaya jiki da gaggawa shi ne ke ceton rai a nan.

Layin ƙarshe da bayansa

Idan ka riƙe kanka a farko, za ka iso kilomitar ƙarshe da saura. Yanzu ne lokacin kashe shi, amma a hankali za ka ƙara, ba fizga ɗaya ba, ka ajiye gudun ƙarshe sai ka hango ƙofar da idonka. Sau da yawa akwai ƙofofin talla masu siffar baka kafin ainihin layin, kuma ba ƙaramin takaici ba ne mutum ya zazzage ƙarfinsa a kan ta farko ya ga saura mita 200. Shimfiɗar da ke ƙasa ita ce layi, sai ka taka ta ka wuce.

Da ka tsallaka, kada ka tsaya, kada ka zauna. Lokacin gudu tsokar ƙafa ce ke taimakawa wajen tura jini sama zuwa zuciya. Idan ka tsaya cak, wannan famfon ya mutu alhali hanyoyin jini na buɗe, sai jini ya taru a ƙafafu, kai ya rasa, mutum ya yanke jiki. Mafi yawan faɗuwar da ake gani bayan layi daga nan take. Ci gaba da tafiya minti 5 zuwa 10. Wanda jiri ya kama ya kwanta rigingine a ɗaga masa ƙafafu sama da ƙirji. Cire jiƙaƙƙiyar riga, sha ruwa a hankali, ka ci abinci sosai cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Tsamin jiki ba a ranar yake nuna kansa ba. Yakan yi tsanani tsakanin sa'a 24 zuwa 72, kuma saukowa daga bene ne zai fara gaya maka. Tafiya mai sauƙi ta fi kwanciya saurin sakin sa. Bororon da bai fashe ba a rufe shi a ƙyale shi. Wanda ya fashe a wanke, a bar fatar a kai, a sa filasta. Bayan kilomita 5, hutun kwana biyu ko uku ya isa kafin a koma sassarfa mai sauƙi. Bayan kilomita 10 a ba shi kusan mako kafin wani gudu mai ƙarfi.

Kafin abin ya bi iska, a daren nan ka ɗauki takarda ka rubuta: abin da ka ci da sa'ar da ka ci, kayan da ka sa da inda suka goge ka, yanayin gari, da minti nawa kowace kilomita ta ci. Sannan ka kwatanta rabin farko da rabin ƙarshe. Idan na ƙarshen ya yi daidai da na farko ko ya fi shi sauri, lissafinka ya fita, sai ka rage daƙiƙa 5 zuwa 10 a kowace kilomita a tsere na gaba. Idan kuwa ya fi shi jinkiri da minti biyu ko fiye, koma ka dubi lambar da ka rubuta a gaban kilomita ta ɗaya.